FILIN KIWON DABBOBI: Ciwon Da Ke Sa Jikin Kare Ya Cinye Jininsa

A makon jiya wannan fili ya yi bayani a kan tsutsar ciki, da yadda takan tsotse jinin 'yan kwikwiyo har su rame su mutu. To, a wannan mako za a duba wani irin ƙarancin jini dabam, wanda yake kama kare mai ƙoshi, mai samun abinci da kulawa, ya kayar da shi cikin kwana biyu ko uku. Shi wannan ciwo daga cikin gida yake tasowa, watau jikin karen ne da kansa yake tashi ya far wa jininsa. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari, kuma a nan ɗan garin shi ne garkuwar jiki, wadda aikinta na asali shi ne tsaron dabba daga cututtuka. Likitocin dabbobi sukan taƙaita sunan ciwon da haruffa huɗu na Turanci, IMHA.

Dalilin da ya sa ya kamata mafarauci, da makiyayi, da maigidan da ya ajiye kare don gadi su san labarin wannan ciwo shi ne, maganinsa ya saɓa wa abin da aka saba. Mutum yakan ga dabbarsa ba jini, sai ya garzaya kantin magani ya sayo ruwan ƙarin jini, ko ya kira mai allura. A wannan ciwo kuwa, abin da ke ceton kare shi ne gwaji da wuri, sa'an nan jinya ta watanni wadda take bukatar haƙuri fiye da kuɗi.

YADDA CIWON YAKE

A cikin jini akwai jajayen ƙwayoyi, waɗanda su ne suke ɗaukar iskar numfashi daga huhu su kai ta ga kowace gaɓa. A cikin ɓargo ake ƙera su, kuma a jikin kare kowace ƙwaya takan yi kwana 100 zuwa 120 tana aiki kafin ta tsufa, saifa da hanta su kawar da ita, ɓargo ya maye gurbinta da sabuwa. Muddin abin da ake ƙerawa ya yi daidai da abin da ake kawarwa, dabba tana cikin lafiya.

Ita kuwa garkuwar jiki kamar dogarai take. Idan baƙuwar ƙwayar cuta ta shigo, sai su sa mata alama, domin sauran mayaƙan jiki su gane ta su halaka ta. A wajen shekarar 1900, shahararren masanin nan na Jamus, Paul Ehrlich, ya yi bayanin cewa jiki yana da wani tsari da ke hana waɗannan dogarai taɓa 'yan gida. Bincike na baya ya nuna cewa wannan tsari yakan lalace, a jikin mutum da na dabba duka. Idan haka ta faru ga kare, sai a riƙa sa wa lafiyayyun jajayen ƙwayoyi alamar abokan gaba. Wasu saifa ta cinye su, wasu kuma su fashe tun suna cikin jijiya. Ɓargo yakan yi ƙoƙarin ƙara aiki, amma yana bukatar kwana uku zuwa biyar kafin sababbin ƙwayoyi su fara fitowa da yawa, alhali kuwa ɓarnar ba ta jira.

Daga nan za a fahimci abin da ya sa ruwan ƙarin jini na kwalba ba ya amfani. Irin wannan magani sinadarin ƙarfe ne a cikinsa, wanda jiki ke bukata idan jini ya zuba waje ko tsutsa ta tsotse shi. A wannan ciwo jinin bai fita ko'ina ba, a cikin jiki ya fashe, kuma jiki yakan tattara ƙarfen ya sake aiki da shi. Ƙara wa maƙeri ƙarfe ba zai hana ɓarawo kwashe abin da ya ƙera ba.

Ciwon iri biyu ne. Akwai wanda yake tasowa ba tare da an gano musabbabinsa ba, kuma shi ya fi yawa a rahotannin asibitocin Turai da Amurka. Ya fi kama karnuka masu matsakaicin shekaru, mata fiye da maza, kuma an fi ganinsa a wasu jinsunan karnukan Turawa, musamman mai dogon kunnen nan da ake kira Cocker Spaniel. Na biyu shi ne wanda wani abu yake tsokano shi, kamar ƙwayar cutar da kaska ke sa wa kare, ko ciwon daji, ko wasu magunguna irin su fenisilin da dangin salfa. A ƙasa mai zafi kamar Nijeriya, inda kaska take ko'ina rani da damina, wannan iri na biyu shi ne likita zai fara nema.

ALAMUN DA ZA A LURA DA SU

Alamar farko ita ce kasala. Karen da ya saba tarbar maigida a bakin ƙofa sai a ga ya kwanta, ya ƙi abinci, idan ya tashi ya yi 'yan taku kaɗan sai haki. Wanda ya ga haka ya ɗaga leɓen karen ya dubi dasashinsa da rana, a wuri mai haske. Dasashin lafiyayyen kare ja-ja ne mai sheƙi. Idan ya yi fari fat, jini ya yi ƙasa ƙwarai. Idan kuwa ya yi rawaya, har farin ido da cikin kunne suka bi, to shawara ce, kuma tana nuna cewa jajayen ƙwayoyi suna fashewa fiye da yadda hanta za ta iya share tarkacensu. Wasu karnuka dasashinsu baƙi ne tun haihuwa; ga irin waɗannan sai a ja fatar ido ta ƙasa a duba cikinta.

Sai fitsari. Yakan yi duhu kamar shayin da ya dahu sosai, wani lokaci ma ja kamar zoɓo. Zuciya takan riƙa bugawa da sauri, jiki ya yi zafi, wani karen ya yi amai, wani ya yanke jiki ya faɗi. Duk karen da aka ga farin dasashi ko rawaya tare da kasala a jikinsa, ranar nan ya kamata ya ga likita. Jiran gari ya waye sau biyu ya ishe shi mutuwa.

GWAJI KAFIN MAGANI

Abubuwa da yawa suna kawo waɗannan alamu, kuma ido kaɗai ba ya iya bambance su. Akwai cutar babesiya, wata ƙwaya da kaska ke sakawa, wadda take shiga cikin jajayen ƙwayoyin jini ta fasa su. Akwai erlikiya, ita ma ta kaska, wadda aka fara gano ta a jikin karnuka a ƙasar Aljeriya a shekarar 1935. Akwai sammore, wanda ƙudan tsando ke kawowa, kuma karnukan farauta da na makiyaya masu shiga kurmi sun fi haɗuwa da shi. Har wa yau albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna lalata jinin kare idan ya ci da yawa, abin da ya kamata masu zuba wa kare ragowar miya da suya su kiyaye.

Saboda haka likita zai ɗebi jini ya yi gwaje-gwaje. Na farko shi ne ma'aunin yawan jajayen ƙwayoyi. A lafiyayyen kare sukan kai kashi 37 zuwa 55 cikin ɗari na jininsa. A wannan ciwo sukan sauka ƙasa da 20, wani lokaci har kusan 10. Na biyu, zai haɗa ɗigo ɗaya na jini da ɗigo huɗu na ruwan gishiri na asibiti a kan gilashi. Idan ƙwayoyin suka dunƙule kamar tsakin gero maimakon su watsu, alama ce garkuwar jiki ta manne su. Na uku, zai duba jinin a madubin likita, ya nemi ƙwayar babesiya ko ta sammore, ya kuma nemi wasu ƙananan ƙwayoyi masu kama da ƙwallo, waɗanda saifa ta gutsura ta sake. Akwai kuma gwajin da ake kira da sunan Coombs. Shi Robin Coombs likitan dabbobi ne na Ingila, wanda tare da abokan aikinsa biyu suka bayyana wannan gwaji a shekarar 1945, kuma har yau asibitocin mutane ma da shi suke aiki.

Muhimmancin gwaji a fili yake. Maganin wannan ciwo danne garkuwar jiki yake yi. Idan aka ba karen da babesiya ke cinsa ba tare da an kashe ƙwayar ba, an kwance wa cutar ƙofa ke nan. Haka kuma allurar Berenil, wadda makiyaya suka saba yi wa shanu, tana maganin babesiya a kare, amma tazarar da ke tsakanin magani da guba a jikinsa kaɗan ce. Idan aka zarce ƙima, ko aka maimaita ta kusa da kusa, tana taɓa ƙwaƙwalwa ta kashe shi. Dole a auna nauyin kare a kan sikeli, kuma likita ne zai yi ta.

Ana samun waɗannan gwaje-gwaje a asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi da ke jami'o'in Zariya, Sakkwato, Maiduguri, Makurdi, Ibadan da Nsukka, da Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom kusa da Jos, da kuma asibitoci masu zaman kansu a manyan birane. Wanda yake nesa ya fara da asibitin dabbobi na gwamnati mafi kusa, domin ma'aunin jini da duban madubi ba sa bukatar manyan na'urori.

MAGANI A ASIBITI

A shekarar 2019 ƙungiyar ƙwararrun likitocin dabbobi ta Amurka mai kula da cututtukan cikin jiki ta fitar da matsaya a kan yadda za a gane wannan ciwo da yadda za a yi maganinsa. Ginshiƙin maganin shi ne firednisolon, wanda ake farawa da miligiram 2 zuwa 3 a kowane kilo na nauyin kare a yini, a rage wa manyan karnuka domin su illar maganin ta fi damu. Idan ciwon ya yi tsanani, ko firednisolon kaɗai bai isa ba, akan haɗa da na biyu, kamar azatiyofirin ko saikulosforin. Idan kuma an sami cutar kaska, a yi maganinta a lokaci guda. Erlikiya, alal misali, sai an yi mako huɗu ana ba da doksisaikilin.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, sau da yawa gudan jini ne yake kashe irin wannan kare tun kafin rashin jinin ya kashe shi. Ciwon yana sa jini saurin daskarewa a cikin jijiya, kuma idan guda ya tafi ya toshe hanyar huhu, numfashi yakan sarƙe nan take. Shi ya sa likita yake ƙara maganin hana daskarewar jini, kamar hefarin ko kulofidogirel, ko da mai kare yana ganin kamar ba a bukata.

Idan jini ya yi ƙasa har kare ba ya iya tsayuwa, sai ƙarin jini. Wannan ba sabon abu ba ne ga karnuka, domin tun a shekarar 1665 likita Richard Lower ya yi nasarar ɗura jinin wani kare a jikin wani a birnin Oksfod. Daga kare kaɗai ake ɗiba, lafiyayye, babba mai nauyin kilo 25 ko fiye, wanda aka gwada aka tabbatar ba shi da cutar kaska. Karnuka ma suna da rukunin jini, don haka idan za a sake ƙari bayan 'yan kwanaki, wajibi ne a gwada dacewar jinin biyu. Ƙarin jini ba ya warkar da ciwon. Lokaci yake saya wa kare har magani ya fara aiki.

JINYA A GIDA

Ranar da aka sallami kare daga asibiti, ranar ce aikin mai shi yake farawa. A samar masa wuri mai inuwa, mai tsabta, nesa da hayaniyar yara da sauran karnuka. Farauta, da bin garke, da gadin dare duk a dakatar da su sai likita ya ba da izini, domin jinin da ya rage ba zai ɗauki gudu ba. Iyalin gida kuwa su kwantar da hankalinsu: shi kansa ciwon ba ya yaɗuwa zuwa mutum ko wata dabba.

A ɗora alhakin ba da magani a kan mutum ɗaya, a lokaci ɗaya kullum, tare da abinci. Inda aka bar abin ga kowa, wata rana za a ba da sau biyu, wata rana a manta. Yana da kyau a sami ɗan littafi a riƙa rubuta ranar, da adadin ƙwayar da aka ba da, da launin dasashi safe da yamma, da launin fitsari, da yadda ya ci abinci. A ƙirga numfashinsa kuma yana barci: lafiyayyen kare ba ya wuce sau 30 a minti ɗaya. Wannan littafi yakan gaya wa likita abin da gwajin yini ɗaya ba zai nuna ba.

Firednisolon yana da halayensa, kuma gara a san su tun da wuri don kada a firgita. Kare zai riƙa shan ruwa kamar raƙumi, ya yi ta fitsari, har wanda bai taɓa ɓata ɗaki ba ya ɓata. Kada a doke shi, kada kuma a rage masa ruwa. A bar kwano cike dare da rana. Zai riƙa jin yunwa kullum, yana haki ko ba zafi. Bayan makonni cinyoyinsa za su rame, cikinsa ya fito, gashinsa ya yi sharara. Duk waɗannan sukan tafi a hankali idan aka fara rage maganin. Abinci kuwa a ba shi mai kyau daidai ƙima, nama ko kifi dafaffe da shinkafa ko tuwo, ba albasa, ba yaji, ba ɗanyen nama, tunda garkuwarsa a danne take.

Akwai magungunan mutane da ba a haɗa su da firednisolon ko kusa. Ibufurofen da dikulofenak, waɗanda ake sayarwa a kowane lungu don ciwon jiki, suna iya huda cikin kare su sa shi zubar jini ta ciki. Farasitamol ma idan ya yi yawa yana lalata jajayen ƙwayoyi da hanta. Jiƙe-jiƙe da saiwoyi su ma a jingine su, domin hantar da ke fama da shawara ba ta da sauran ƙarfin ɗaukar wani nauyi. Idan an ba da azatiyofirin, mai bayarwa ya wanke hannu bayan ya taɓa, kuma mace mai ciki ta nisance shi.

Kaska kuwa sai an yaƙe ta a jikin kare da kuma inda yake kwana, domin irin wadda ta fi damun karnuka a tsagar bango da ƙarƙashin ƙyaure take ɓuya ta yi ƙwai. A liƙe tsagogi, a share wurin, a nemi likita ya zaɓi maganin kaska na karnuka. Kananzir, da baƙin mai, da maganin feshin gona guba ne. Game da allurar rigakafi, musamman ta ciwon haukan kare, wanda yake kashe mutane, kada mai kare ya yanke hukunci shi kaɗai. Likita ne zai duba ya tsara lokacin da ya dace.

Abubuwa biyar ne suke wajabta komawa asibiti nan take, ko da dare ne: dasashi ya ƙara fari ko rawaya, numfashi ya yi sauri ko ya yi wuya, kare ya faɗi, kashinsa ya yi baƙi kamar kwalta, ko amai ya hana magani zama a ciki.

KADA A YANKE MAGANI

A nan ne mafi yawan masu jinya suke tuntuɓe. Bayan mako uku ko huɗu kare ya miƙe, yana haushi, yana kaɗa wutsiya, dasashi ya yi ja. Sai maigida ya ce ai ya warke, kuɗin magani ya isa haka. Wannan kuskure ne mai haɗari ta fuska biyu. Da farko, garkuwar jiki danne ta aka yi, ba ta riga ta daina faɗan ba, kuma idan aka sake ta gaba ɗaya takan dawo da ƙarfi. Na biyu, jiki yana da wasu ƙananan gaɓoɓi a saman ƙoda da suke samar da sinadari irin na firednisolon. Idan aka daɗe ana ba da shi daga waje sukan yi sanyi da aiki, kuma suna bukatar lokaci kafin su farfaɗo. Yanke magani rana ɗaya yana iya jefa kare cikin wani sabon ciwo.

Ƙa'idar da likitoci suke bi ita ce, sai ma'aunin jini ya haura 30 ya zauna a nan har mako biyu, sa'an nan a rage kimanin kashi ɗaya bisa huɗu na maganin. Bayan kowane mako uku a sake gwada jini, idan yana nan daram a ƙara ragewa. A haka jinyar takan ɗauki wata uku zuwa shida, wani lokaci fiye. Gwajin da ake yi kafin kowane ragi shi ne fitilar tafiyar, kuma kuɗinsa bai kai na komawa kwanciya asibiti ba.

ABIN DA ZA A SA RAI

Gaskiyar magana ita ce ciwon mai tsanani ne. Rahotannin asibitocin da suke da kayan aiki sun nuna ana rasa daga kashi ɗaya bisa huɗu har zuwa rabin karnukan da suka kamu, kuma mafi yawan mace-macen a makonni biyu na farko suke aukuwa. Amma wanda ya tsallake wannan siraɗi yana da kyakkyawan zato, da yawa sukan koma rayuwarsu ta da har tsufa. Kimanin kashi 11 zuwa 15 cikin ɗari ciwon yakan dawo musu, saboda haka duban dasashi ya zama al'ada har iyakar rayuwar karen. Wanda nasa daga kaska ya samo asali kuwa, sau da yawa kashe ƙwayar cutar yakan kawo ƙarshen matsalar.

Ya kamata mai kare ya zauna da likita tun ranar farko, ya tambayi abin da jinyar za ta ci, ya faɗi iyakar ƙarfinsa ba kunya. Likita yana iya tsara magani daidai aljihu, tunda firednisolon ba shi da tsada. Idan kuma ta bayyana cewa dabbar tana shan azaba kuma ba alamar tashi, likita zai ba da shawarar yadda za a sauƙaƙa mata. Abin da bai dace ba shi ne a kai karen da ya yi shekaru yana gadin gida ko yana kamo nama a yar da shi a bayan gari don ya kwanta ciwo. Mai haƙuri, in ji masu iya magana, shi yakan dafa dutse har ya sha romonsa.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, wannan fili zai yi bayani a kan kaska, ire-irenta, da hanyoyin raba gida da ita kafin damina ta kankama.